Buzun Halifa da 'Ya'yan Makiyaya: A Riƙa Ba da Labarin Har Ƙarshensa

 

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani irin labari da kowa yake son ji, wato labarin yadda namiji ya tari mutuwa a fagen fama, ko a gaban hauni, bai ƙifta ido ba. Za mu ɗauko misalinmu daga Hartum da Umdurman, biranen nan na ƙasar Sudan da suke kallon juna a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu. Dalilinmu biyu ne. Na farko, babu wata ƙasa a wannan nahiya da aka ba da irin waɗannan labarai a kanta kamar Sudan. Na biyu kuma, mafi yawan waɗanda suka mutu a cikin labaran nan 'ya'yan masu sanda da garke ne irinmu.

Bari mu fara da wanda ya fi shahara. A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 1899, a wani wuri da ake kira Ummu Diwaikarat, kusa da garin Kosti na yanzu, rundunar Turawan Ingila da Masar ƙarƙashin Kanar Winget ta cim ma Halifa Abdullahi, magajin Mahadin Sudan, wanda ya shekara goma sha uku yana mulki daga Umdurman. Da asuba mutanensa suka kai hari, bindiga mai ruwa ta zubar da su. Da Halifa ya ga rana ta ɓaci, sai ya sauka daga kan dokinsa, ya shimfiɗa buzunsa na salla ya zauna. Halifa Ali wad Hilu ya zauna a damarsa, Amir Ahmad Fadil a hagunsa, sauran manya suka kewaye su. A nan harsasai suka same su. Winget da kansa ya rubuta wannan a rahotonsa, kuma har hoton gawarwakin aka ɗauka.

Duk makiyayin da ya ji wannan labari sai tsigar jikinsa ta tashi, kuma ba abin mamaki ba ne. Halifa Abdullahi ɗan ƙabilar Ta'aisha ne daga kudancin Darfur, ɗaya daga cikin ƙabilun Baggara, kalmar da ma'anarta ita ce masu shanu. Mu ma mun san wannan tarbiyya. Mun san filin shaɗi, inda saurayi zai ɗaga hannuwa yana riƙe da madubi, abokin karawarsa ya zuba masa tsumagiya a haƙarƙari, shi kuwa yana murmushi don kada a ce ya ji zafi. An raine mu a kan cewa raki abin kunya ne, gudu kuma ya fi mutuwa muni.

Muna kuma da namu buzun. Ranar 27 ga watan Yuli na 1903, a Burmi da ke cikin Jihar Gombe ta yanzu, Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya tsaya shi da ɗaruruwan mabiyansa har aka kashe su, bayan sun bar Sakkwato da niyyar yin hijira zuwa gabas. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira, har suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Saboda haka Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce a gare mu. Akwai Fulani da Hausawa da Barebari a can masu ɗimbin yawa, waɗanda ake kira Fallata, jikokin 'yan hijira da alhazan ƙafa da makiyayan da suka bi ciyawa.

To, ga abin da muke so mu faɗa, kuma mun san ba kowa zai ji daɗinsa ba. Labarin kyakkyawar mutuwa rabin labari ne. Ana tsayar da shi a daidai inda ya fi daɗi, a bar sauran a cikin duhu. Wannan rabin da ake bayarwa kuwa, shi ne tsabar da masu neman mulki suke watsa wa 'ya'yanmu tun fiye da shekara ɗari, su bi har su faɗa tarko. Idan muna son yaranmu su tsira, dole ne mu koyi ba da labarin har ƙarshensa.

Kowa da nasa gwarzon

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi, irin wannan labari ba namu ba ne mu kaɗai. Turawa ma suna da nasu, kuma a wannan birni ya faru. Ranar 26 ga watan Janairu na 1885 mayaƙan Mahadi suka shiga Hartum bayan sun yi wata goma suna kewaye da ita, suka kashe Janar Godon, wanda yake riƙe da birnin. A Ingila sai aka riƙa ba da labarin cewa ya fito ya tsaya a kan matakalar fada cikin natsuwa, bai ɗaga makami ba, har masu suka same shi. A shekarar 1893 wani mai zane ya zana hoton haka, aka yi ta buga shi ana rabawa, a 1966 kuma aka yi fim ɗin sinima a kai. Alhali kuwa akwai wata ruwayar daga wani dogarinsa da ta ce Godon ya yi faɗa da ƙaramar bindiga har ya faɗi. Ruwayar farko aka zaɓa domin ita ce ta fi amfani. Da ita aka shekara goma sha uku ana hura wa mutanen Ingila wutar ramuwa, har aka tura Janar Kicina ya je ya ci Sudan.

A wannan rana da Godon ya mutu an kashe dubban mutanen Hartum, sojoji da talakawan gari. Babu wanda ya zana hotonsu, babu wanda ya tambayi yadda suka tari mutuwa. Haka labarin yaƙi yake a ko'ina: yana ɗaukar mutum ɗaya ya ɗora a kan matakala ko a kan buzu, sauran jama'a kuwa su zama adadi, in ma an damu an ƙirga.

Abin da ke bayan buzun

Yanzu mu koma baya kaɗan daga ranar da Halifa ya shimfiɗa buzu. Ranar 2 ga watan Satumba na 1898 aka gwabza a Karari, arewa da Umdurman. Mayaƙan Ansar sun kai dubu 50, mafi yawansu da masu da takubba da tsoffin bindigogi, suka fuskanci igwa da bindiga mai ruwa da jiragen ruwan yaƙi a kan kogi. Kafin rana ta take an kashe musu kimanin mutum dubu 11, waɗanda aka raunata sun fi haka yawa. Waɗanda suka mutu a ɓangaren Kicina ba su kai 50 ba. Yakubu, ɗan'uwan Halifa, ya mutu a gindin baƙar tuta, kuma ana ba da labarin yadda mutane suka riƙa karɓar tutar ɗaya bayan ɗaya suna faɗuwa. Wannan ɓangaren kowa ya sani.

Ɓangaren da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya faru da masu rauni. An bar dubbai a fili cikin rana babu ruwa, wasu kuma aka bi su aka ƙarasa. Wani ɗan jarida Bature mai suna Benet ya fallasa wannan a farkon 1899, har maganar ta kai majalisar Ingila. Cocil, wanda daga baya ya zama firayim minista, yana cikin ƙananan hafsoshin da suka yi yaƙin, kuma shi ma ya soki yadda aka yi da masu rauni da kuma yadda aka rushe hubbaren Mahadi aka watsa ƙasusuwansa a kogi. Mutumin da ya kwana biyu yana jan ciki da karyayyar ƙafa yana neman ruwa, shi ma ya fuskanci mutuwa, kuma tasa ta fi ta mai buzu tsawo. Amma ba a yi masa waƙa ba.

A watan Agusta na 1899, a ƙauyen Shukkaba da ke gaɓar Shuɗin Nilu, sabuwar gwamnati ta kama Halifa Muhammadu Sharif da 'ya'yan Mahadi biyu, Fadil da Bushra, aka yi musu shari'ar gaggawa a nan take, aka harbe su. A Ummu Diwaikarat kuma, bayan an gama ɗaukar hoton manya, an kama dubban mutane, mafi yawansu mata da yara. Su ne suka ɗauki nauyin abin da ya biyo baya: zawarci, maraici, da komawa gida babu ko maraƙi.

Akwai kuma wata tambaya da ta fi dacewa da mu. Me ya kawo makiyayan Darfur bakin Nilu tun farko? A shekarun 1888 da 1889 Halifa ya ba da umarni a taso danginsa Ta'aisha da wasu Baggara daga ƙasarsu a kawo su Umdurman, domin su zama garkuwar mulkinsa. Da yawansu ba da son ransu suka taso ba. Zuwansu ya zo daidai da muguwar yunwar nan ta shekarar 1306 ta Hijira, wadda mutanen Sudan suke kira Sanata Sitta. A waɗannan shekaru ne kuma annobar bushiya ta shigo ta gaɓar Bahar Maliya, ta bi nahiyar nan tana share garake har ta iso ƙasarmu. Makiyayin da aka raba da makiyayarsa, dukiyarsa ta ƙare, aka ajiye shi a birni yana cin hatsin da aka karɓo daga manoman bakin kogi, me ya rage masa? Sai mashi, sai ƙiyayyar maƙwabta. Wannan ƙiyayya tsakanin mutanen kogi da mutanen yamma ba ta mutu ba har yau.

Kada kuma mu ɗauka cewa hannun Bature ne kaɗai ya zubar da jinin makiyaya. A farkon mulkin Halifa aka kashe Madibbo, shugaban Rizaigat, a garin Ubayyid. Aka kashe Salihu, shugaban Kababish masu raƙuma. A Umdurman kanta aka kawo mutum 67 na ƙabilar Batahin, aka rataye wasu, aka fille wa wasu kai, aka yanke wa wasu hannu da ƙafa, jama'a suna kallo. An ruwaito cewa Madibbo da mutanen Batahin sun tari mutuwa da ƙarfin hali ƙwarai. Amma wa ya fi yaɗa wannan ruwaya? Salatin Basha, Baturen da ya shekara fiye da goma a hannun Ansar, a littafinsa da ya fito a 1896, wanda Winget shugaban leƙen asirin sojan Masar ya fassara da Turanci, a daidai lokacin da ake shirin yaƙi. Wato jarumtar makiyayin da aka yanka ta zama makamin wani, kamar yadda buzun wanda ya sa aka yanka shi ya zama makamin wasu daga baya. Kowane mai mulki yana da amfanin da yake yi da gawar ɗan makiyayi.

Tarihi ya maimaita kansa

Da a ce abin ya tsaya a zamanin masu da takubba, da ba mu ɓata tawada ba. Ranar 2 ga watan Yuli na 1976 wasu mayaƙa, mafi yawansu Ansar daga yammacin ƙasar waɗanda aka horar a Libiya, suka shiga Hartum don kifar da gwamnatin Numeiri. Shugabannin siyasar da suka shirya abin suna ƙasar waje. Da aka murƙushe yunƙurin, gwamnati ta kira su sojan haya, aka kashe mutum 98 bayan shari'ar soja. Ba a yi cikakkun shekara biyu ba, a 1977, manyan suka sasanta da Numeiri, suka dawo gida ana tafa musu. Waɗanda aka harbe ba su dawo ba.

Daga tsakiyar shekarun 1980 gwamnatocin Hartum suka gano cewa ɗan makiyayi soja ne mai araha. Bayan farin 1984 da 1985 ya cinye dukiya, sai aka raba wa samarin Misairiya da Rizaigat bindigogi, aka ce su yaƙi 'yan tawayen kudu, ladansu kuma shanun Dinka da suka kwaso. Makiyayi aka tura ya washe makiyayi. A 2003 aka sake yin haka a Darfur da sunan Janjawid. A 2013 aka mayar da su runduna mai suna RSF, daga 2015 kuma aka riƙa tura dubbansu yaƙin Yaman. A ƙarshe, ranar 15 ga watan Afrilu na 2023, wannan runduna da sojojin gwamnati suka juya wa juna baki a tsakiyar Hartum. Mutum fiye da miliyan 11 suka bar gidajensu. Kasuwar Muwailih da ke yamma da Umdurman, babbar karar da garaken Darfur da Kurdufan suke isowa a ƙafa bayan tafiyar makonni masu yawa, ta faɗa cikin yankin da ake ɓarin wuta. Duk falken da ya san abin da rufe kara ɗaya yake jawowa, ya auna wannan a ransa.

A wannan yaƙi labarin fuskantar mutuwa ya koma cikin wayar hannu. Maharbi ne da kansa yake ɗaukar hoto. A watan Maris na 2025 sojoji suka ƙwace Hartum daga hannun RSF, kuma a farkon Afrilu ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi tir da rahotannin kashe farar hula a unguwannin kudancin birnin, bisa zargin sun taimaka wa RSF, ba tare da an kai su gaban alƙali ba. A ƙarshen wannan wata kuma mayaƙan RSF suka kashe aƙalla mutum 30 da suka kama a unguwar Saliha ta Umdurman, aka ga hotunan suna yawo. Kafin wannan, a watan Janairu na 2025, mayaƙan da ke tare da sojoji sun afka wa ƙauyen Kambo Ɗayyiba a Jihar Jazira, mazaunin leburorin gona 'yan asalin yamma, suka kashe aƙalla mutum 26, suka kora dabbobinsu. A yankunan da sojoji suke riƙe da su har wani suna mutane suka laƙaba wa wannan hali, wai dokar baƙuwar fuska: a dubi kamanninka da lafazinka da sunan ƙabilarka, a yanke maka hukunci. Irin wannan ta taɓa faruwa a watan Mayu na 2008, bayan 'yan tawayen Darfur sun kai hari Umdurman, inda aka riƙa sauke mutane daga motocin haya saboda kamanninsu.

Wanda ya taɓa ganin irin waɗannan hotuna ya san babu buzu a cikinsu, babu tuta. Yaro ne ɗaure da hannuwa a baya, a bakin hanya, wani lokaci yana kalmar shahada, wani lokaci yana rantsuwa cewa shi ba soja ba ne. Haka mutuwar yaƙi take ga mafi yawan mutane, haka kuma take tun zamanin Karari. Wayar hannu ce kawai ta hana a ɓoye.

Amsa ga masu cewa mun raina mazan jiya

Mun san wani dattijo zai ce, shin kuna so ku raina waɗanda suka tsaya a gaban Nasara ne? Ko kaɗan. Mutanen Karari da na Burmi sun tare baƙin da suka zo cin ƙasarsu, kuma mai tsayawa a irin wannan rana ya cancanci a tuna da shi da girmamawa. Halifa, duk da abin da muka lissafa na mulkinsa, bai gudu ya bar mabiyansa su mutu su kaɗai ba, ya zauna inda suka zauna. Wannan shi ne darasin gaskiya na buzun, kuma shi ne ma'aunin da ya kamata a auna duk mai kiran yaranmu zuwa yaƙi. Ina nasa buzun? Ina nasa 'ya'yan? Mai aike daga otal a wata ƙasa, ko daga gidan da ke kewaye da masu gadi, ba shi da haƙƙin ambaton Karari.

Wani kuma zai ce, ai ku masu kare makiyaya ne, don me kuke tona asirin naku? Amsa ita ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. 'Ya'yan makiyaya sun tsaya a gaban bakin bindiga, kuma sun tsaya a bayanta. A watan Oktoba na 2025 kotun duniya mai hukunta manyan laifuka ta samu Ali Kushaib, ɗaya daga cikin jagororin Janjawid, da laifi, ciki har da kashe kamammun mutane 'yan ƙabilar Fur a garuruwan Mukjar da Dilaij a 2004. Su ma waɗannan da aka kwantar a ƙasa aka harbe suna da uwaye. Idan muka yi kukan namu kaɗai muka yi shiru a kan nasu, to mun zama kamar mai zanen Godon, kuma ba mu da bakin da za mu nemi adalci ranar da abin ya zo kanmu.

Dokar kuwa a bayyane take ta kowace fuska. Yarjejeniyar Janeba ta 1949, wadda Sudan da Nijeriya da Nijar duk suka shiga, ta hana kashe wanda ya ajiye makami ko aka raunata ko aka kama, ta kuma hana zartar da kisa ba tare da hukuncin kotu ta gaskiya ba, ko da a yaƙin cikin gida ne. Tun kafin wannan da fiye da shekara dubu, malamanmu suna karantar da wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham, inda ya hana kashe mata da yara da tsofaffi, ya kuma hana yanka dabba sai don ci. Duk wanda ya kashe kamamme ko ya kora garken talaka da sunan yaƙi, ya saɓa wa duka biyun.

Abin da ya rage gare mu

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da muka bayyana a Sudan muna ganin ƙanensa a dazuzzukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da kudancin Maraɗi. Ana yi wa 'yan bindiga kirari, yara suna saurare. Ana kama mutum a kasuwa saboda rawaninsa ko harshensa, a kashe shi ba a kai shi ko'ina ba, sai danginsa su ɗauki fansa a kan ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kowane ɓangare yana da labarin gwarzonsa da ya mutu bai yi raki ba, kowane ɓangare kuma ya manta gawarwakin ɗaya ɓangaren. Saboda haka muna ba da shawarwari kamar haka.

Na farko, dattawa da arɗaɗai da masu ba da labari a dandali, idan za ku ba da labarin mazan jiya ku kai shi ƙarshe. Ku faɗi buzun, ku kuma faɗi mata da yaran da aka kora bayansa. Ku faɗi tutar Karari, ku faɗi mai raunin da ya mutu da ƙishirwa. Yaron da ya ji duka biyun zai girmama kakanninsa, kuma zai yi wuyar saye.

Na biyu, mu koya wa samari cewa juriyar shaɗi tana da wani fagen. Wanda ya tsallakar da garke daga rani zuwa damina ba tare da ya ci amfanin gonar kowa ba, wanda aka zage shi a burtali ya haɗiye ya kai ƙara gaban hukuma, wanda aka miƙa masa bindiga da kuɗi ya ce a'a alhali aljihunsa babu komai, wannan ya yi abin da ya fi tsayuwar minti biyar a gaban tsumagiya wuya. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Na uku, kowane reshe na ƙungiya ya ajiye littafi. Duk wanda aka kashe ba bisa shari'a ba a yankinku, makiyayi ne ko manomi, a rubuta sunansa da rana da wuri da waɗanda suka gani. An ɗauki fiye da shekara ashirin bayan aikata laifukan kafin shari'ar Ali Kushaib ta kai ga hukunci, kuma shaidun da suka riƙe abin da suka gani ne suka kai ta. Gawar da ba a rubuta ba sau biyu aka kashe ta.

Na huɗu, mu tsaya a kan magana ɗaya a gaban kowace hukuma: duk wanda ake zargi, a kai shi kotu. Idan ɓarawo ne ko mai kisa, a hukunta shi, ba za mu ɓoye shi ba ko da ɗanmu ne. Amma fuska da harshe da sunan ƙabila ba laifi ba ne.

Na biyar, ku fatake da dillalai, ku ne kuke riƙe da bakin jakar. Saniyar da aka koro daga ƙauyen da aka ƙone ba ta zama kuɗin harsashi sai ta bi ta kara. Ku tambayi asalin dabba, ku duba shaidar da ke jikinta, ku ƙi arahar da kuka san ba ta halal ba ce.

Na shida, idan hoton kisa ya shigo wayarka, kada ka tura wa kowa don nishaɗi ko don tunzura jama'a. Wanda ya ɗauka ya yi ne don a ji tsoronsa ko a yaba masa, kai kuma kana taya shi. Idan shaida ce, a kai ta inda za ta yi amfani.

Daga ƙarshe, 'yan uwa, Hartum da Umdurman sun ga Godon, sun ga Halifa, sun ga Kicina da Numeiri, kowa ya zo ya wuce da nasa labarin. Abin da bai sauya ba shi ne hanyar da take tasowa daga yamma, wadda shanu suke bi zuwa kasuwa, samari kuma suke bi zuwa kabari. Muna roƙon Allah Ya kawo ranar da shanu kaɗai za su riƙa bin ta, masu su kuma su koma gida da kuɗinsu a aljihu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, na sananne da na ɓoye, Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya sa mu ga 'ya'yanmu sun tsufa a bayan garkensu. Amin.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.